Mota Mai Kujera Biyu

Ranar da tsohuwar motar Badaru ta yi mutuwar da ba tashi, bai yi baƙin ciki ba. Allah na gani, daɗi ma ya ji, har ya tsorata da kansa. A kan hanyar dawowa daga Tamawa ne, da la'asar, an cika ta maƙil da 'yan suna, ga kwanukan tuwo, ga buhun gero da wani ya ce a sauke masa a hanya, ga akuya a baya tana ta kuka. Injin ya yi wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a tukunya, ya yi tari, ya ɗauke. Mata suka hau salati. Shi kuwa ya kifa goshi a kan sitiyari, ya ji kafaɗunsa sun sauka, abin da ya manta rabonsa da shi.

Doguwar mota ce, kuma tun ranar da ya saye ta ba ta zama tasa ba. Badaru ma'aikaci ne a sashen gona na ƙaramar hukumar Kurfi, ya ba hamsin baya, ga shi da nauyin baki wurin cewa a'a. To, kun dai san halinmu. Mai naƙuda, a kira Badaru. Wanda kunama ta harba, a kira Badaru. Gaisuwar mutuwa a Katsina, ai ga Badaru nan. Mai zuwa kasuwa ma sai ya zo ya zauna ƙofar gidansa da kayansa, ya gaishe shi da kyau, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya ce ai ya ji an ce yau zai shiga Dutsin-Ma. Ba mai zuba mai, ba mai tambayar lafiyar taya. A dai yi masa addu'a, ya shafa. Matarsa Raihana takan ce rabonsa da cin abincin rana da zafinsa tun yaransu na firamare.

Tafiya ɗaya ce cikin duk wannan ba ta taɓa gundurarsa ba. Kowane wata yakan je Birchi ya ɗauko mahaifiyarsa, Inna Yahanasu, ya kai ta asibiti Dutsin-Ma a auna ta, a ba ta maganin hawan jini da na gwiwa. Shi ne ɗanta na fari, Inna kuwa irin matan da ce masu riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Tun da aka yaye shi aka kai shi wurin kakansa a Kurfi. Can ya yi allo, can ya yi boko, can ya yi aure. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, "na Kurfi" take cewa. Ba ta kallon fuskarsa, ba ta zama tabarma ɗaya da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye in ban da amsa gaisuwa, ita ma fuska a gefe. Sa'o'inta duk sun saki abin nan da tsufa ya zo, ita ko ta riƙe kayanta.

A mota a baya take zama, daidai ƙeyarsa, autarta Ummi na gefenta. Sai ka ji ta ce, "Ummi, gaya ma na Kurfi ya ƙara mai, kada mu iske layi ya yi tsawo." Ummi ta maimaita kamar bai ji ba, shi kuma ya ba Ummi amsa. Kullum cikin sa shi sauri take. In ya ɗaga ido ya dubi madubi, gefen mayafinta yake gani da rabin kunne. Wannan ɗan abin shi ne rabonsa na uwa, kuma ya koya wa kansa cewa ya ishe shi.

Ya sayar da gawar motar ga masu kayan gyara, ya haɗa da abin da riɗin da ya noma bana ya kawo. Nan fa unguwa ta tashi da shawara. Wannan ya ce a sayi mai layin kujeru uku, wancan ya ce ai bas ta fi, ko don zuwa gaisuwa. Ba wanda ya tuna cewa ba shi zai biya ba. Badaru yana jinsu yana gyaɗa kai, alhali ransa na wani wuri. Tun yana ɗalibi a Dutsin-Ma ya taɓa ganin wani injiniya ya wuce a 'yar motar tsere, gajeruwa, cikinta kamar zai shafi ƙasa, ƙofa biyu kacal, abin ya zauna masa. Da Raihana ta tambaye shi, sai ya ce mata burin ƙuruciya ne. Gaskiyar magana kuwa, ba gudun yake so ba, ƙofa biyun yake so.

Akwai wani dillalin motoci, Ilu, mai fili a bakin titi a Dutsin-Ma. Irin waɗannan motoci ba su da kasuwa a wajenmu, wa zai saya ya yi me da su? Sai aka yi dace yana da guda biyu na hannu da suka daɗe suna shan rana a wurinsa, kuma kuɗinsu kusan ɗaya. Badaru ya tafi da sassafe tare da Rabe, ɗan kawunsa, taubashin da bakinsa ba ya rufuwa.

Ta farko ja ce, jawur, tana sheƙi. Rabe na ganinta ya cire hula ya riƙe a hannu. Ilu bai tsaya ɓata lokaci ba, ya shiga nuna abin da ta iya. Ba ta da makulli, maɓalli ake dannawa ta tashi. A danna wani, rufin ya ɗaga da kansa ya naɗe ya koma baya. Akwai allo a gaba mai nuna maka abin da ke bayanka. Giya da kanta take canzawa. Kujerun fata ne, suna matsawa gaba da baya da kansu, har ɗumi suke yi in an so. Kujera mai ɗumi, a Dutsin-Ma! Amma Rabe sai da ya zauna ya ɗana, ya ce wallahi ciwon bayansa ya tafi.

Badaru duk bai kula da waɗannan ba sai da Ilu ya kwantar da kujerar gaba. Ashe akwai mazauni a baya. Matsattse ne, amma mazauni ne, mata biyu marasa jiki za su shiga. Ya daɗe yana kallonsa.

Ta biyun ruwan toka ce, ta girmi jar nesa ba kusa ba. Kujerun yadi ne, na direba har ya koɗe. Gilashi da hannu ake murɗawa, giya ta hannu ce, rediyon tasha ɗaya yake kamawa. Ilu ya ce ta wani malamin jami'a ce da ya koma garinsu, kuma ya faɗi haka ne a taƙaice, kamar mai gabatar da baƙon da bai gayyata ba. Kujera biyu gare ta, shi ke nan. Bayansu ɗan lungu ne da zai ɗauki sallaya da buta.

To, shekarun da Badaru ya kwashe yana kwanciya ƙarƙashin tsohuwar motarsa a bakin hanya ba su tafi a banza ba. Ya ɗora tafin hannu a kan bonet ɗin jar, ya ji ɗumi. Ilu ya ce rana ce. Ya taɓa na mai tokar da ke kusa da ita, sanyi ƙalau. Wato an riga an tayar da jar tun kafin su iso, don kada a ji yadda take tashi da safe. Ya zaro sandar auna baƙin mai, ya ga man ya yi kauri kamar maɗi, irin wanda ake zubawa don a rufe wa inji baki. Ya ƙwanƙwasa ƙofa da bayan yatsa, wani wuri ya yi ƙarar ƙarfe, wani wuri ya yi shiru, an cike an shafe da fenti. Ya durƙusa ya ɗaga shimfiɗar ƙasa, warin rima ya buge shi, ga lallausan yashi a maƙale cikin layin kujera, ga tsatsa a kan kusoshi. Motar nan ta taɓa kwana cikin ruwa. Ya ce a sake naɗe rufin ya gani, sai ya tsaya a rabi, sai da Ilu ya kai masa mari sa'an nan ya ƙarasa. A titi kuwa giyar fizga take yi, tana barin shuɗin hayaƙi a baya.

Mai tokar, murɗa makulli ɗaya ta amsa, ta tsaya tana gurnani a hankali ba tangarɗa. Man injinta garau. Tayoyin sun ci daidai da juna. Ya hau titi da ita, ya saki sitiyari, ta miƙe sak. Ya taka birki, ta tsaya inda ya ce. Ba abin da za ta nuna maka, amma ba abin da take ɓoyewa.

Suka zauna a benci ƙarƙashin dalbejiya, Ilu ya ba su wuri. Rabe ya yi ta zuba: ai hayaƙi gyara ne, rufi gyara ne, wace mota ce ba a gyarawa, mutum zai sayi abin nunawa ya ɗauko wadda ko gilashi sai ya yi mata dakan hannu? Can sai ya sauke murya, ya bar wasa.

"To Malam Badaru, in ka ɗauki mai tokar nan, ina za ka sa Inna?"

Tambayar ke nan da yake ta juyawa tun da aka kwantar da kujerar nan. Jar tana da wurin Inna, amma ba ta da lafiyar kai Inna. Hanyar nan kuwa, kowa ya sani, ba wurin tsayawa ba ce a zamanin nan. Ba ya son ranar da zai buɗe bonet a dokar daji da mata biyu a mota. Mai tokar za ta kai ko'ina, amma kujerar da ta rage ɗaya ce, kafaɗa da kafaɗa da direba, ba wurin Ummi. Akwai hanya ta uku, kuma ya san da ita. Tana can gefen filin, motoci ne birjik masu ƙofa huɗu, lafiyayyu. Ya waiga ya dube su sau ɗaya, ya hango buhuna da akuyoyi da masu jiransa a ƙofar gida. Ya gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Ya ce wa Rabe ai Inna ta tsufa, kuma larura ce, za ta shiga. Rabe ya dube shi kawai ya mayar da hularsa. Shi kansa Badaru bai yarda da maganar ba lokacin da take fita daga bakinsa, amma ya tashi ya kira Ilu, aka yi ciniki a kan mai tokar.

Abin da ya nema ya samu. Maƙwabta suka zo suka zagaya motar, suka leƙa, suka nemi ƙofar baya suka rasa. Aka yi masa Allah ya sanya alheri da irin muryar da ake yin ta'aziyya. Wani dattijo ya tambaye shi ko sauran motar na tafe a baya. Cikin 'yan kwanaki ƙofar gidansa ta yi fayau. Ya ci tuwon rana da zafinsa, ya yi barcin azahar, waya ta yi shiru har yana duba ko ta lalace. Raihana ta ce har ya fara yin kumatu.

Ranar asibiti ta zo. Ya wanke mota, ya shimfiɗa sabuwar darduma a kujerar gefe, ya kama hanyar Birchi, yana bin ramuka a hankali don cikin motar ba ya son wargi. Ya shiga ya gaida Inna daga bakin ƙofa kamar kullum, ta amsa tana kallon bango. Ummi, da tsohon cikinta, ta riƙo jakar magani suka fito. Inna ta tsaya a bakin zaure. Ta dubi motar daga gaba zuwa baya, ba ta daɗe ba, don ba ta da tsawon da za a daɗe ana kallo.

"Ummi, gaya ma na Kurfi Allah ya sa alheri, Allah ya tsare. Mu ta haya za mu hau."

Ya roƙi Ummi ta gaya mata cewa kujerar na da faɗi, kuma ita Ummi za ta iya biyo su a babur. Ummi ta faɗa. Inna ta gyara mayafi ta nufi bakin titi tana ɗingishi.

Haka aka yi tafiyar. Motar haya a gaba, an danna mutum huɗu a baya, Inna a tsakiya an matse mata gwiwar nan mai ciwo da kwandon wani. Badaru a baya cikin motar tsere, shi da darduma. Ta gilashin bayan motar hayar yana hango ƙeyarta. Sai ya ga ashe abin da ita take gani ke nan duk shekarun nan, an dai juya ne kawai. A asibiti ya biya abin biya, ya karɓo magani, ya miƙa wa Ummi. Da za su koma, ya sake bin su a baya har Birchi. Ya dawo gida bai iya cin abinci ba.

Daga ranar hutun ya fita ransa. Yana kwance da azahar, ba mai buga ƙofa, amma idonsa biyu. Ya kori jama'a, gaskiya ne, sai dai korar ta haɗa da mutum ɗaya da bai yi niyya ba, kuma ba zai ce bai sani ba, an gaya masa a ƙarƙashin dalbejiya. Wata ranar Asabar ya koma wurin Ilu shi kaɗai, da niyyar ko musanya ce a yi. Jar na nan inda ya bar ta, an sake goge ta tana ƙyalli. Ya kwantar da kujera ya dubi mazaunin bayan. Sa'an nan ya sunkuya ya leƙa ƙasa, ya ga baƙin mai ya yi tabo a ƙasa, faɗin faifai. Ya miƙe da ƙyar yana dafa gwiwa. Masu ƙofa huɗun kuma, Ilu ya ce sai ya yi ciko mai nauyi, don mai tokar ba wanda zai sake tayawa. Ya yi masa sallama ya tafi.

Kafin wata ya zagayo Ummi ta haihu, ta shiga jego. Ita ta kira shi a waya, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce tun hawan motar hayar nan gwiwar Inna ta kumbura, Innar kuma ta ce ba za ta sake shiga a matse ta ba. Maganin hawan jinin ya ƙare, tana fama da ciwon kai, jiya har jiri ya ɗebe ta a bakin murhu. Kuma Inna ta ce asibitin ma ta yafe, Allah ke da rai.

Badaru ya shiga neman aron mota. Nan ya ga ikon Allah. Wanda ya kai wa mata asibiti tana naƙuda ya ce tasa ba mai. Wanda ya ɗaukar wa gawar uba ya ce ƙaninsa ya tafi da ita Katsina. Wani abokin aikinsa ya yi alkawari har da rantsuwa, da gari ya waye wayarsa a kashe. Bai ma ji haushi sosai ba, ƙarfin jin haushin ne babu. Ya biya ya ɗauki Rabe, suka tafi Birchi a mai tokar.

Inna na zaune a tabarma a inuwar ɗaki, ta miƙe ƙafar, ta ɗaure kai da ɗankwali tamau. Ummi na bakin ƙofarta da jaririya a cinya. Badaru ya tsuguna daga nesa ya gaishe ta. Ya ce wa Ummi ta gaya wa Inna ya kawo Rabe. Rabe zai tuƙa ta, shi zai biyo su a babur. Ya faɗi haka yana kallon ƙasa, don ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa ya miƙa wa wani wannan tafiyar.

Inna ta shafa gwiwarta. Sa'an nan ta ce a gaya ma na Kurfi ita da idonta ta ga Rabe ya shiga shingen mutane da babur, ranar ba ruwa ba iska. Rabe ya buɗe baki zai kare kansa, ta ɗaga masa hannu.

"In dai abin nan za a shiga," in ji ta, "mai shi ya ja abinsa."

Shigar ma aiki ce. Kujerar na ƙasa ƙwarai, sai da Ummi ta miƙa wa Rabe jaririya ta riƙe Inna ta zaunar da ita a hankali, ta ɗaga mata ƙafar ta shigar, ta ɗaura mata bel. Inna ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta na wajen direba, ta juya ga taga, ta manne da ƙofa iyakar mannewa. Duk da haka, da Badaru ya zauna ya kai hannu ga giya, sai da hannun rigarsa ya shafi mayafinta. Ya janye kamar ya taɓa wuta. Yana jin ƙamshin man zafin da take shafa wa gwiwa, yana jin numfashinta. Tun da ya yi wayo bai taɓa zama kusa da ita haka ba.

Suka fita daga gari. Da suka hau kwalta ya ƙara mai, don ya san abin da take so ke nan, kada a iske layi. Motar ta miƙe, gonaki na wucewa, an girbe gero an bar kara a tsaye. Ya kafa ido a titi. Da yake ya saba ɗaga ido ga madubi, ya ɗaga, bai ga komai ba sai hanya.

Can sai ya ji ta ce, "Ummi, gaya ma…" Ta tsaya. Ba Ummi. Maganar ta rataye a tsakaninsu, ba mai ɗauka. Ya ji tausayinta ya kama shi, da kunyar abin da ya jawo mata, tsohuwa da ciwon kai an sa ta a inda ba ta da mafaka. Ya so ya ce ta yi haƙuri, amma shi ma bai san yadda ake yi ba. Duk rayuwarsa ta bakin wani yake mata magana.

Suka iso wani ƙauye inda aka yi tudun rage gudu a titi. Dole ya taka birki ya karkata motar, ya haura a gicciye, taya ɗaya bayan ɗaya, don kada cikinta ya daki ƙasa. Yana cikin wannan lissafi, ya waiga gefenta don ya duba madubin waje, sai ya ga mayafin ya zame. Ba taga take kallo ba. Shi take kallo, kallon sosai, daga hula har gemu, yadda ake duban abin da aka ba wani ajiya da daɗewa. Ya yi maza ya mayar da ido titi, kamar yaron da aka kama.

"Yaushe furfura ta cinye maka gemu haka?"

Shi ta tambaya. Ba wani a motar. Ya ce an daɗe, Inna.

"Ƙeya kaɗai nake gani," ta ce a hankali. "Ƙeya kau ba ta nuna komi." Ta ƙara dubansa, ƙasan idon nan da ya zurma, da layukan goshi. "Ka gaji."

"Na gaji, Inna."

Bai san zai faɗa ba sai da ya ji ta fita. Ga Raihana ma bai taɓa faɗinta haka ba. Titi ya yi masa dishi-dishi, ya sa bayan hannu ya share ido, ya kai hannu zai ƙara giya don su wuce wurin da sauri.

"Rage gudu," in ji Inna. "Asibitin ba tashi zai yi ba."

Ya ce layi fa, Inna.

"Ya yi tsawon."

Ya sauke ƙafa daga totur. Motar tsere, wadda aka ƙera don ta bar kowa a baya, ta koma tafiyar hawainiya a gefen titi. Motar haya ta zo ta yi musu ham ta wuce, fasinjoji na leƙe. Mai babur da buhu biyu ya wuce. Wani mai keke ma sai da ya jera da su, ya duba ko lalacewa ta yi, ya ga dattijo da tsohuwa zaune kafaɗa da kafaɗa, ya gaishe su ya yi gaba. Inna ba ta mayar da mayafin ba. Ta gyara zaman ƙafarta, ta ɗan saki ƙofar da ta manne wa, ta tambaye shi ko yana cin abinci kuwa.

Dutsin-Ma na can gaba, duwatsunta sun fara bayyana. Badaru ya sake rage giya.